Wata tara da gama bautar ƙasa, har yanzu shiru: ya ake yi kada gwiwa ta yi sanyi?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum yayyena. Wata tara ke nan da gama bautar ƙasa. Na tura takardu wurare sun kai 30, biyu ne kawai suka kira ni ganawa, kuma ba a dace ba. Yanzu ko tallar aiki na gani sai kasala ta kama ni. Ina mafita?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a zo kan ƙarfin zuciya, a fara gano inda ƙafa take tuntuɓe. Sayi ɗan littafin rubutu, ka ja layi biyar: rana, wurin, irin aikin, ta inda ka tura, amsar da ta zo. Idan a 30 biyu suka kira, ciwon yana jikin takarda. CV, wato takardar bayanin karatunka da ayyukanka, kada ta wuce shafi biyu, a mayar da ita PDF, fayil ɗin ya ɗauki cikakken sunanka. Kuma kowane aiki a gyara masa tasa. Wadda za a kai makaranta ba ita za a kai banki ba.

Sai abin da ke kayar da mutanenmu ba su sani ba: bambancin suna. Muhammad a NIN, Mohammed a takardar WAEC, sunan kaka ya ɓace a shaidar digiri. Wannan kaɗai kan sa a ajiye mutum gefe lokacin tantancewa, ba wanda zai kira ya gaya masa. A yi rantsuwar kotu a daidaita tun yanzu, a haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Duba sharaɗin shekaru ma. Inda ka wuce iyaka, kada ka ƙona data.

Antin Samaru:
Duk gaskiya Malam ya faɗa, amma ɗan nan ya ce kasala. Maganinta a sa wa nema lokaci kamar aikin ofis: ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, Litinin zuwa Alhamis, daga nan a rufe. Takarda biyar masu kyau a mako sun fi hamsin na watsi. Abin da za ka riƙa ƙirgawa shi ne wanda ke hannunka, wato nawa ka tura da mutum nawa ka gaisar, tunda kira a hannun wasu yake. In amsar rashin dacewa ta zo, ɗauki yini guda ka huce, washegari ka rubuta tambayoyin da aka yi maka tun ba ka manta ba, ka maimaita amsarsu da ƙarfi a gaban wani. Kuma a yi wanka a sa kaya a fita. Kwanciya a ɗaki da waya har azahar ita ke cinye mutum, haka ma majalisar da ba a zance sai "sai da hanya".

Ɗan Tudun Jukun:
Na gode Anti. Akwai wanda ya ce in kawo kuɗi a samo min gurbi a wata ma'aikatar tarayya. In gwada?

Baban Sabon Gari:
Kul, ɗana. Wanda ya nemi kuɗi kafin takardar kama aiki, ko ya kira ka ganawa a otal, ko ya turo saƙo daga Gmail da sunan hukuma, rabu da shi. Yawancin shafukan gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa.

Kuɗin nan gara su zama jari, domin aljihu in ya bushe zuciya ma bushewa take. Zariya garin makarantu ce: ga jami'ar ABU, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantun kuɗi a kowace unguwa. Koyar da yara lissafi da Turanci da yamma, ko shirya masu JAMB, zai biya maka data da kuɗin mota zuwa Kaduna in an kira jarrabawa. Kuma ka sa shi a CV da wata da shekara, don mai ganawa zai tambayi me ka yi a wata taran nan. In koyarwar ta karɓe ka, nemi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, sannan rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, ta biyo baya.