Musayar Waƙa: Wa Ya Cika Rigarsa a Gidan Dodanni?

Sha'irin Ƙofar Doka

Assalamu alaikum 'yan zauren Zazzau. Fagen wannan makon na House of the Dragon ne, shirin HBO da aka fara haskawa a watan Agustan 2022, wanda aka ciro daga littafin Fire & Blood na George R. R. Martin da ya fito a 2018. Ga wanda bai kalla ba, rikicin gadon sarauta ne a gidan Targeriyan, masu hawan dodannin da ke aman wuta. Sarki Biseris ya naɗa 'yarsa Rainira magajiya, daga baya ya auri ƙawarta Alisan ta haifa masa namiji, gida ya dare biyu. Abin da za mu tattauna shi ne 'yan wasan da aka zaɓa: wa ya cika rigar da aka ba shi, wa ta yi wa yawa. Wanda ya buɗe sabon batu ya zo da nasa amsa-amon, mai ba shi amsa ya bi shi a kai. Ga nawa.

Bismillahi da shi na fara,
Mai bai wa wanda Ya so mulki.

'Yan Zazzau ku matso ku saurara,
Yau zancena a kan sarki.

Biseris nake nufi, uban Rainira,
Wanda cuta ta cinye wa jiki.

Paddy Considine aka bai wa,
Ba ƙato ba, ba ƙirar zaki.

A littafi mai fara'a ne shi,
Mai son liyafa, mai son biki.

Shi ko ya ɗauko wannan sarkin,
Ya zuba masa zuciya a ciki.

Kashi na takwas ku tuna shi,
Ranar da ya taso daga ɗaki.

Rabin fuska a rufe da zinare,
Don ɓoye idon da ya zam miki.

Sanda a hannu, numfashi da ƙyar,
Fada ta yi tsit, ba mai buɗe baki.

Kambi ya faɗi, ƙane ya ɗauka,
Daimon ya mayar masa ba tsaki.

Duk don ya tare wa 'yarsa faɗa,
A ranar da ciwo ya ƙi sauƙi.

Mai littafin da kansa ya furta,
Na fim ya fi nasa, ya ba shi maki.

Wanda ya ce akwai kamarsa,
To ga fili, ga mai doki.

'Yar Samaru

Allah ya ƙara basira, Malam. Ni da ƙorafi na zo, kuma ya daɗe yana cina.

Malam na ji, kuma ban musa ba,
Sarkin ya yi, wannan gaskiya.
Ni kukana a kan 'yarsa yake,
Da aka sauya mana a tsakar hanya.

Milly Alcock ta Ostareliya,
Ita ce Rainira tun tana yarinya.
Kashi biyar muka yi tare da ita,
Kai a sama, wuta a zuciya.

Ku tuna gadar tsibirin dodanni,
Baffanta ya saci ƙwai, ya ƙi biyayya.
Manya sun zo, an zare takubba,
Ba wanda ya yarda ya ja da baya.

Sai ga ta ta sauko bisa dodonta,
Ta taka gabansa ita ɗaya.
Ta ce in gadon yake so ya kashe ta,
Ya jefo ƙwan, aka watse lafiya.

Kashi na shida na zauna kallo,
An tsallake shekara goma gaba ɗaya.
Baƙuwar fuska, baƙuwar murya,
Har Alisan an sauya, ba tambaya.

In shekaru ne hujjar sauyin,
Ina Daimon? Yana nan kamar jiya.
Dogari Kiristan Kol ko furfura babu,
Mata kaɗai ke tsufa a duniya?

Uwargidan Tudun Wada

Ƙanwata, a kan tambayarki ta ƙarshe ina tare da ke. Sauran kuwa, zauna ki ji.

Ƙanwata, ke kin ga budurwa,
Ni na ga uwa da ta sha wuya.
Rainirar Emma D'Arcy ce tawa,
Bari in jero miki ɗaya-ɗaya.

Da naƙuda aka buɗe kashin nan,
Jinjiri ya faɗo, ga saƙon sarauniya.
Wai a kai mata shi yanzu ta gan shi,
Ta duba gashinsa, ta auna gaskiya.

Ta ƙi ta ba kowa ya kai shi,
Da ɗanyen jiki ta kama hanya.
Matakala bayan matakala,
Jini na bin sawunta a baya.

Duk wadda ta san durƙuson haihuwa
Ta san nauyin wannan tafiya.
Ko ruwan zafi ba a ɗora ba,
Tana amsa barka kamar lafiya.

Wadda kike so ba ta kai nan ba,
Ba raini ba ne, ba ƙiyayya.
Wutar ƙuruciya daban take
Da garwashin da ya kwana a zuciya.

Ranar da mutuwar Luk ta iso ta,
Ɗan cikinta, ba ta ce kalma ɗaya.
Ta juyo kawai muka ga idonta,
Muka san yaƙi ya sauka duniya.

Ki kuma sake duba kashin farko na zango na 2 da ya fito a Yunin 2024. Jimla ɗaya tak ta furta a duk tsawonsa, amma makokin nan gaba ɗaya yana kan fuskarta. Sannan 'yan matan zauren nan masu ta yabon Daimon, ku ji ni da kyau. Matt Smith ya iya aikinsa, shi ya sa kuke mantawa cewa mutumin nan da dutse ya ƙarasa matarsa ta fari. Ku yabi ɗan wasan, amma kada waccenku ta yi fatan irin mijin.

Ɗan Kongo

Ni na karanta littafin kafin a fara shirin, don haka zan taɓo inda jama'a ke kauce wa, wato bai wa baƙar fata matsayin Korlis, surukin Rainira.

Salamu alaikum manyan zaure,
Ku ba ni wuri, ku yi haƙuri.

Batun Korlis na zo da shi yau,
Macijin Teku, mai jirage da zinari.

Ni baƙi ne, ɗan baƙi, jikan baƙi,
Kar a ce ina yi wa fata sharri.

Amma littafi ya faɗi siffarsu,
Jinin tsohuwar daular Baliriya, gashi da jiki fari.

Ba launin ne ya dame ni ba,
Sai abin da ya yi wa zaren labari.

Laino ɗansa ne mijin Rainira,
'Ya'ya uku, ana ta raɗa a gari.

Wai na Harwin ne, ba na mijin ba,
Don gashinsu ya yi duhu tun fari.

A littafi kakarsu, uwar Laino, baƙin gashi gare ta,
Ta wajen uwa ta gado shi, ga mafari.

Sai mai karatu ya tsaya yana shakka,
Ya auna nan, ya koma nazari.

A fim ko da kallo ɗaya an gama,
Ba sauran shakka, ba sauran sirri.

An mai da sarki kamar makaho,
An bar 'yarsa ba rufin asiri.

Baban Kwarbai

Ɗana na ji ka, ka yi karatu,
Ka kawo hujja a bisa tsari.

Amma bari in faɗi nawa,
Don ni Korlis ya riƙe ni a shiri.

Steve Toussaint, haifaffen Bamingam,
Ya sha zagi tun kafin a haska shiri.

Masu yarda da dodo mai aman wuta
Suka ce baƙi mai arziki ya yi tsauri.

Ka dubi zamansa a majalisar sarki,
Kafaɗa a buɗe, murya ba kurari.

Mutumin da ya keta teku sau tara,
Har gidansu ya fi na kowa jari.

Matarsa aka hana wa gado,
Ciwon na cinsa, ya ƙi ya bari.

Duk wannan na gan shi a fuskar nan,
Ban ga gurbin da ke neman ƙari.

Na daɗe ina ganin baƙi a fim ɗinsu,
Bawa, mai gadi, ɗan aike a gari.

Yau ga shi sarki ya tako gidansa,
Yana neman ɗansa da aure da haƙuri.

Batun yaran kuwa, nan muka saɓa,
Bayyanar ita ce ƙashin bayan labari.

Sarki ba makaho ba ne, ya gani,
Ya zaɓi 'yarsa a kan tsegumin gari.

Kowa a fada ya san zancen,
Furta shi ne ke jawo hatsari.

Baimon ƙanen Korlis ya furta,
Takobin Daimon ya raba kansa da sauri.

Da akwai shakka, da ya mutu mai ƙazafi,
Yanzu ko kan gaskiya ya faɗi, mai tsauri.

Ka auna wannan, ɗana, ka gaya mini,
Wanne ya fi taɓa ka cikin labari?

Ɗan Kongo

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa a kan Baimon yana da nauyi, amma ina nan a kan bakana: da sun bar wa kakar baƙin gashinta, da an samu duka biyun.

Wasan Steve ban taɓa kushe shi ba,
Ya isa uba, ya isa babban gari.

Gashin da aka ɗora wa 'ya'yan gidan
Shi ne bai zauna ba, bai yi tsari.

Gimbiyar Kufena

Tunda kun ambaci kakar sau biyu ba wanda ya tsaya a kanta, ni ita na zo yi wa waƙa. Rainis ke nan, matar Korlis, wadda Eve Best ta fito a matsayinta.

Ku ba ni fili in yabi Rainis,
Wadda aka hana wa sarauta.
A Harenhal manya suka taru,
Suka ce kujera ba ta mata.

Ita ce 'yar babban ɗan sarki,
Ta riga Biseris a cancanta.
Aka ba shi don shi namiji ne,
Aka bar mata suna da ƙasaita.

Eve Best ba ta ɗaga murya,
Gira kaɗai ke kai saƙonta.
In ta tsaya a gefen fada,
Sai ka ga kujerar ta dace da ita.

Ita ce ta gaya wa Rainira,
Tun yarinya na jin ƙuruciyarta,
Maza sun gwammace ƙasa ta ƙone
Da su ga mace ta hau ta mulke ta.

Mu a Zazzau abin ba baƙo ba ne,
Amina 'yar Bakwa mun san ta.
Ta ja runduna, ta gina ganuwa,
Har yau ana kiran ganuwa da sunanta.

Da manyan Harenhal sun zo Turunku,
Da sun ji labarin jarumta.
Kallabi ya zauna tsakanin rawuna,
Ƙasa ba ta rushe ba don mulkinta.

Ranar ƙarshe ta ga Bagar a sama,
Dodon da ya ninka girman nata.
Hanyar gida a buɗe take gabanta,
Ta juya Melis ta koma wa ajalinta.

Ɗan Sabon Gari

Anti, na jira a kai nan. Kashi na 9 na zangon farko nake son mu duba, ranar da aka naɗa Egon ɗan Alisan bayan rasuwar sarki.

Anti, yabonki ya dace da Eve,
Ba ni da ja a kan wasanta.
Amma akwai ranar da na kasa haɗiyewa,
Kuma ba zan ɓoye ba don ina son ta.

An kora talakawa gidan dodanni,
Dole su shaida naɗin sarauta.
Mai talla, mai gasa burodi, mai goyo,
An cusa su ciki ba don son ransu ba, Anti, ki tuna ta.

Sai ƙasa ta tsage, Melis ta ɓullo,
Rainis na zaune a bayanta.
Daɓe ya rufta da bayin Allah,
Wasu a ƙafarta, wasu a jelarta.

Ta je gaban masu ƙwacen gado,
Wuta na nan a bakin dodonta.
Ta dubi Alisan, ta ƙyale su duka,
Wai yaƙin ba ita za ta fara ba, in ji ta.

Aka ce mana wannan tausayi ne,
Uwa ta ga uwa ta tausaya mata.
To waɗanda aka tattake a ƙasa fa?
Su ba uwa ce ta haife su ba, kamar ta?

Yaya Ɗan Kongo, kai ka karanta,
Ka shaida littafi bai san da fitarta.
Marubutan shirin suka ƙago wannan,
Don a yi ihu, a tafa wa bajinta.

Kashi ya wuce, wani ya biyo shi,
Ba wanda ya kai ƙarar ga sarauta.
Ba wanda ya ce ga adadin gawa,
Ba wanda ya je ya tuhume ta.

Ni daga cikin taron nan nake kallo,
Don can za a same ni, ba a gefenta.
Eve ta yi abin da aka rubuta mata,
Masu alƙalamin nake jira su kare ta.