Tambaya kan tsara gwaji da describe da it a Jest

Sabon-shiga, Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina rubuta ƙaramar manhajar kanti da JavaScript, tana lissafin kuɗi da TVA (harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya), kuma tana nuna farashi da dala (dala ɗaya tamma 5 ce) ga masu so. Gwaje-gwajena a Jest, kayan aikin gwada lambar JavaScript, sunayensu "gwaji 1", "gwaji 2". An ce in mai da su salon ƙa'ida da describe da it. Mi hakan zai ƙara, tunda duk expect ɗin nan ne a ciki? Kuma daga ina ake farawa?

Mai-allo, Tawa

Wa alaikumussalam ƙanena. Ga injin babu bambanci, it da test abu guda ne a Jest. Bambancin yana ga ranar da gwaji ya faɗi. "Gwaji 2" bai gaya ma kowa komi ba, sai an buɗe fayil an yi ta bincike.

Ka sa sunan fonksiyon a describe, kowane it kuma ya ɗauki hali guda, yadda in an haɗa su za su ba da jimla:

```
describe('zuwaDala', () => {
  it('tana mai da tamma 1000 dala 200', () => {
    expect(zuwaDala(1000)).toBe(200);
  });
  it('tana ƙin kuɗin da 5 ba ta raba ba', () => {
    expect(() => zuwaDala(12)).toThrow();
  });
});
```

Lura da na biyun. Dole a naɗe kiran cikin wata fonksiyon, in ba haka ba kuskuren zai tashi tun kafin toThrow ta kai gare shi, gwajin ya faɗi alhali lambarka daidai take.

Wurin farawa kuwa, kada ka fara da expect. Jera halayen duka da it.todo, jimla jimla, ka kira npx jest --verbose ka karanta abin da ya fito. In mai kantin zai iya saurare ya ce "e, haka nike so", ka kama hanya. Sannan ka cika su ɗaya ɗaya. In ka ga "kuma" ta shiga sunan it, raba shi biyu.

Hajiya Lissafi, Yamai

Malam ya gama magana kan tsari, bari in taɓa TVA don nan ne ake zamewa. Kashi 19 na 1250 shi ne 237,5, kuma sefa ba ta da rabi a aljihun kowa. To 237 ko 238? Wannan hukuncin mai kanti ne, ba na Jest ba, kuma amfanin salon ke nan: yana tilasta maka ka rubuta "tana ɗaga rabin tamma sama" baro-baro. Ka ninka da 19 sannan ka raba da 100, kada ka ninka da 0.19, don lambobi masu ɗigo ba su zama daidai a kwamfuta, 0.1 + 0.2 ba ya ba da 0.3 cif. Inda ɗigon ya zama dole, toBeCloseTo ake amfani da ita.

Ka yi wa mayar da kaya it nasa daban. Math.round tana kai 237.5 zuwa 238, amma -237.5 zuwa -237 take kai shi. Abokin ciniki ya biya 238, an mayar masa 237, lissafin ƙarshen wata ya ƙi haɗuwa.

Jeri ko obje kuma toEqual ake yi musu. toBe tana tambayar ko abu guda ne a ƙwaƙwalwa, don haka jeri biyu masu kaya iri ɗaya ba za su wuce ba.

Sabon-shiga, Yamai

Na gode Malam, na gode Hajiya. Saura ɗaya: wasu gwaje-gwajen suna wucewa in na kira su su kaɗai da it.only, amma in an haɗa duka sai su faɗi.

Ɗan Ader

Kwando guda suke ci. Ka ƙirƙiri kwandon sayayya sau ɗaya a saman describe, gwajin farko ya zuba kaya, na biyu ya tarar da su. Bar let kwando a sama, ka sabunta shi cikin beforeEach, ba beforeAll ba. Sai dai ni ban son describe ya wuce hawa biyu, kowane da beforeEach nasa; mai karatu sai ya yi ta hawa da sauka kafin ya san abin da ke cikin kwandon.

In ba nan ba ne, duba await. Gwajin da bai jira alkawarinsa (Promise, aikin da sakamakonsa ke zuwa daga baya) ba yakan wuce tun kafin expect ta yi aiki, kuskuren ya fito daga baya a wani wuri. Rubuta await expect(biya()).rejects.toThrow(). Jest tana jiran daƙiƙa 5 kafin ta yanke.

Tunda akwai rasit, kwanan wata ma zai cije ka. Nijar tana gaban UTC (agogon ma'aunin duniya) da awa ɗaya, sabar da ke gudanar da gwaji kuwa galibi UTC take. Sa TZ=Africa/Niamey gaban jest a package.json, ka daskare agogo da jest.useFakeTimers da setSystemTime a kan 2024-12-31T23:30:00Z, ka tabbatar rasit ɗin ya ce 1 ga Janairu 2025. Kada ka manta useRealTimers cikin afterEach.