Abin da aka ce kan toshe http a manhajar waya

A tattaunawar da aka yi kan hana manhajar waya tura bayanai a buɗe, yawancin waɗanda suka yi magana sun tsaya kan cewa daga Android 9 da ya fito a 2018, waya da kanta take hana manhaja tura bayanai ta http zalla (hanyar da ba ta ɓoye bayanai, saɓanin https) in an saita manhajar a kan wannan sigar ko sama, a iPhone kuwa tun 2015 da iOS 9 aka kawo App Transport Security, tsarin da ke yin irin wannan hanin. Matsalar ita ce da zarar manhaja ta ƙi buɗewa sai mai haɗa ta ya ruga ya sa saitin usesCleartextTraffic na Android ya zama true ko ya kunna NSAllowsArbitraryLoads na iPhone, saitunan da ke ba http hanya, shi ke nan ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai a otal zai iya ganin lambar sirrinka ƙiri-ƙiri.

Shawarar da ta fi kama hankali, a fayil ɗin network_security_config, inda ake saita tsaron haɗin manhajar Android, ka rufe komai, ka ware adireshi ɗaya kacal na gwaji irin 10.0.2.2 (adireshin da wayar gwaji ta cikin kwamfuta ke kaiwa ga kwamfutarka da shi), kuma kar wannan saitin gwajin ya bi ka zuwa Play Store. Masu kukan tsadar satifiket, wato shaidar da shafi ke buƙata kafin ya yi aiki da https, an tuna musu na hukumar Let's Encrypt kyauta ne, sai dai duk kwana 90 sai an sabunta.

Wani ya ja kunne, wai lambar shiri (code) da ke buɗe haɗi kai tsaye ba ta bin wannan saitin, sai ka duba da kanka.