Fasto ya ba ni wa'azin Lahadi: in rubuta duka ko in riƙe kanun magana?

Ƙaramin Bawa
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Fastonmu zai yi tafiya, ya ce ni zan tsaya a mumbari Lahadi ta sama. Shekara shida ina koyar da yara a makarantar Lahadi, amma ban taɓa yi wa manya wa'azi ba. Nassin ma shi ya zaɓa mini, Luka 15:11-32, ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi. Minti 25 aka ba ni. Damuwata ita ce, da idanu sun yi mini yawa sai magana ta ɗauke, in kama in'ina. Shin in rubuta komai kalma bayan kalma in karanta, ko in riƙe 'yar takarda mai kanun magana kawai? Kwana goma ya rage.

Tsohon Mai Bishara
Ɗana, ajiye takarda. Shekara 31 ina wa'azi, ban taɓa hawa da komai ba sai Littafi Mai Tsarki. Ka yi azumi, ka durƙusa, Ruhu Mai Tsarki zai sa magana a bakinka. Ubangiji da kansa ya ce kada mu damu da abin da za mu faɗa. Ka ɗauki Zabura 23, ba wanda ba ya sonta.

Ɗalibin Tauhidi
Baba, a gafarce ni, Matiyu 10:19 a kan almajiran da aka kama aka gurfanar gaban mahukunta take magana, ba wanda aka ba kwana goma ya shirya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ai an riga an ba shi nassi. Ɗan'uwa, ka faro surar daga aya ta 1. Farisiyawa da malaman Attaura ne suka yi gunaguni cewa Yesu yana cin abinci da masu zunubi, shi ya sa ya kawo misalai uku, tunkiya, tsabar kuɗi, sannan ɗa. In ka gane haka za ka ga babban wan da ya ƙi shiga gida, da shi ake. Da yawa a aya ta 24 suke tsayawa, su bar rabin saƙon. A makaranta an ce mana kowane minti na wa'azi yana cin awa guda na shiri, wato kai awa 25 ke gabanka.

Mai Ganga
Awa 25? To yaushe zai je wurin aiki? Fastonmu awa shida yake yi, kuma ba mai gyangyaɗi.

Malamar Firamare
Mijina mai wa'azi ne, awa goma sha biyu yake yi, a rarrabe cikin mako. Ran Litinin karatu kawai, ba ya taɓa biro sai Laraba.

Na Bencin Baya
Ni ba mai wa'azi ba ne, amma da na ga nassin nan sai da gabana ya faɗi. Shekara huɗu da suka wuce aiki ya kuɓuce mini, bashi ya yi mini katutu, na faɗa shaye-shaye a ɓoye. Ko matata ba ta san iyakar abin ba. Wata Alhamis na je ofishin fastonmu na lokacin, na rufe ƙofa, na zayyana masa komai ina kuka kamar yaro. Ya dafa kaina ya yi mini addu'a, na fita da sanyin zuciya.

Ran Lahadi ya buɗe wannan Luka 15 ɗin. Yana cikin magana sai ya ce akwai wani zaune a nan, magidanci mai 'ya'ya uku, aikinsa ya tafi, ya ci bashin mutane ya kai wa kwalba. Bai kira suna ba, amma mu nawa ne a ikkilisiyar? Na ga kawuna suna juyowa benci bayan benci. Matata ta sunkuyar da kai tana murza gefen littafin waƙoƙi har shafin ya yage a hannunta. A hanyar gida babbar 'yata ta ce, Baba, da kai ake? Ban iya amsa mata ba.

Shekara biyu ban taka majami'a ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan sujada mutane suna ta yaba wa'azin, wai ya ratsa jiki. Jikin wa? Ɗan'uwa, ka rubuta ko kada ka rubuta, ba ruwana. Amma sirrin da aka kawo maka da hawaye, kada ya zama misalinka.

Uwar Zumunta
Wayyo ɗana, sannu. Allah ya warkar da zuciyarka da ta matarka. Magana zarar bunu ce. Ni ma an taɓa yi mini habaici daga mumbari a kan rashin haihuwa, ina zaune da sauran mata, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsohon Mai Bishara
Abin ba daɗi, amma kada a ce mai wa'azi ya daina tsawatawa. Annabi Natan ai ya ce wa Dawuda kai ne mutumin. 2 Timoti 4:2 ma ta ce a tsawata.

Ɗalibin Tauhidi
Natan wurin Dawuda ya je, Baba, a 2 Sama'ila 12, bai tara jama'a ba. Matiyu 18:15 kuma ta ce a fara tsakaninku ku biyu. Ayar Timoti ɗin ma da haƙuri da koyarwa ta ƙare.

Tsohon Mai Bishara
Yaro, wa'azi nawa ka yi? Kafin a haife ka nake wannan aiki. Bitrus wace makaranta ya shiga da mutum wajen 3,000 suka tuba rana ɗaya?

Ɗalibin Tauhidi
Shekara uku ya yi a gaban Malamin malamai, Baba. Kuma wa'azinsa na ranar Fentikos cike yake da Yowel da Zabura, ya san nassi. Spurgeon, shahararren mai wa'azin Landan na dā, 'yar takarda yake hawa da ita, amma karatu ne ya cika kansa tukuna. Agustin ma, babban malamin ikkilisiya na dā, ya ce aikin mai wa'azi ya koyar, ya riƙe hankali, ya motsa zuciya.

Uwar Zumunta
Ku biyun duka masu hawa mumbari ne, ku bari mu da muke zaune mu yi magana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Ayyukan Manzanni, Afolos gwanin magana ne, amma Bilkisu da Akila ne suka ja shi gefe suka gyara masa. Shekara arba'in ina sauraro. Wanda ya kafa kai a takarda, ba ma jin da mu yake. Wanda ya hau ba shiri, sai ya yi ta kewaye yana cewa a ƙarshe har sau huɗu. Abu ɗaya muke so mu ɗauka zuwa gida, ba bakwai ba.

Mai Ganga
Mama, ki ƙara da cewa a rufe tagogi. Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare, Aftikos ya yi barci ya faɗo daga hawa na uku. Shi Bulus ya tashe shi, mu wa zai tayar mana?

Malamar Firamare
Ƙaramin Bawa, ga abin da mijina ya yi da ya fara, don shi ma harshensa yana sarƙewa. Ya rubuta duka, ya tsaya a ɗaki ya karanta da ƙarfi sau uku, ni ina riƙe da agogo. Duk jimlar da ta hana shi numfashi ya raba ta biyu. Sannan ya taƙaita a shafi ɗaya, ya haddace buɗewa da rufewa. Kai da kake ba yara labari shekara shida, labari ne a gabanka. Musa ma ya yi kukan nauyin baki a Fitowa 4:10.

Na Bencin Baya
Mama Uwar Zumunta, na gode. Har yau faston bai nemi gafara ba, ko da muka haɗu sai ya tambayi lafiyar yara kawai.

Sakataren Matasa
Minti 25 ɗin ma wa ya ce zai same su? Makon jiya a wurinmu sanarwa kaɗai ta ci minti 40, ƙungiyoyi biyar suka yi waƙa, aka yi baiko kashi uku. Baƙon mai wa'azi na tashi, dattijo ya miƙa masa 'yar takarda, minti goma. Na ga mutumin ya juya shafi uku bai karanta ba.

Dattijon Ikkilisiya
Ɗana, kada a ɗora mana. Ku matasa ne kuke kawo sanarwa ana tsakiyar sujada. In muka hana ƙungiya waƙa, mu ne za mu sha gori har wata.

Sakataren Matasa
Baba, to a liƙa sanarwar a allo mana. Sau nawa muka kawo wannan a taron majalisa?

Ƙaramin Bawa
Na gode muku duka. Ɗan'uwa na bencin baya, na ji, kuma ba zan manta ba. Amma wannan shafi ɗayan, da cikakken rubutun zan hau tare ko in bar shi a gida?

Mai Ganga
Allon ma wa ke karantawa? Tun bara sanarwar Kirsimeti take manne a namu.