Rattaba hannu daban, tabbatarwa daban: me za mu kira mataki na uku?

Mai fassarar labarai, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Masana, ina neman kalmar Hausa ta abin da lauyoyi ke kira domestication a zancen yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. A labarai sai mu ce "Najeriya ta amince da yarjejeniya", alhali matakai uku muke dunƙulewa a cikin amincewar nan. Rattaba hannu muna da shi, tabbatarwa ma haka. Na ukun fa?

Lauya, Argungu: Wa alaikumus salam, Malam. Ai na ukun ne mai haƙori. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta yi ƙarfin doka a Najeriya sai gwargwadon abin da Majalisar Tarayya ta mayar doka. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta haye wannan mataki a 1983, shi ya sa lauya ke iya kafa hujja da ita a babbar kotun Birnin Kebbi. A shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce tana gaba da sauran dokokin Majalisa, amma tana ƙarƙashin tsarin mulki. Ita kuwa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata, tun 1985 aka tabbatar da ita, ba a yi mata doka ba. Ka kai ta gaban alƙali, iyakarta ya saurare ka. Ni "mayarwa 'yar gida" nake cewa.

Malamar Hausa, Jega: Barista, a baki tana da daɗi, amma a kanun labari ta yi tsawo, kuma mai sauraro zai ɗauka zancen amarya ake. Wasu na cewa "gidantarwa". Wannan bin Turanci ne sau da ƙafa, domin ba gida ne jigon maganar ba, doka ce. Tunda muna cewa "a dokance", saiwar tana nan. Yadda muka sami Hausantarwa da Musuluntarwa, haka za mu sami dokantarwa: Majalisa ta dokantar da yarjejeniya.

Lauya, Argungu: Ta zauna, Malama. Sai dai a kiyaye, kada a ji ta kamar halattawa. Yarjejeniyar ba haramtacciya ba ce kafin nan; ta riga ta ɗaure Najeriya a gaban sauran ƙasashe, kotunan cikin gida ne kawai ba su da ikon aiki da ita. Akwai ma togaciya: gyaran tsarin mulki na uku, sashe na 254C, ya ba kotun ma'aikata ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da aka tabbatar ko ba a dokantar ba.

Malamin makaranta, Kamba: Allah ya ƙara sani. Ku lura idan labarin maƙwabta ne. Tsarin mulkin Benin na 1990, da na Nijar na 2010 wanda sojoji suka dakatar a 2023, sun bi salon Faransa: da an tabbatar an wallafa, yarjejeniya ta hau kan dokokin ƙasa. Can babu mataki na uku, kada a liƙa musu kalmar. To hukuncin kotun ECOWAS fa, shi ma dokantar da shi ake yi?

Lauya, Argungu: A'a, hukunci zartar da shi ake yi, kuma nan gizo ke saƙa. Tun ƙarin yarjejeniyar 2005 mutum na iya kai ƙarar take haƙƙi kotun ECOWAS da ke Abuja kai tsaye, ba sai ya gama da kotunan ƙasarsa ba. Amma ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan Kotun Ƙoli, kuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Takardar zartarwa hukumar ƙasar ake miƙa wa. Kotun ta ce a saki Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a 2016, bai fito ba sai Disamban 2019.

Mai fassarar labarai: Saura ɗaya. 'Yan jarida na amfani da wannan kalmar Turanci ta domestication idan jiha ta karɓi dokar kare haƙƙin yara ta 2003.

Malamar Hausa, Jega: Nan kam kada ka ce dokantarwa, abin da ya riga ya zama doka ba a dokantar da shi. Ka ce jiha ta yi tata dokar.

Lauya, Argungu: Haka ne. Batun yara ba ya cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma sashe na 12 ya ce irin wannan ƙuduri sai rinjayen majalisun jihohi sun yarda, wato 19 cikin 36. Ba a bi wannan hanya ba, sai dokar ta tsaya a Abuja, kowace jiha ta yi tata.

Mai fassarar labarai: Na gode. Zan rubuta: "Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar, amma Majalisar Tarayya ba ta dokantar da ita ba, wato ba ta mayar da ita dokar ƙasa ba." Bayanin ƙarshen zan riƙa haɗawa har kunne ya saba.