Muhawara: Shin Babban Harsashi Yana Rufe Kuskuren Maharbi?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na samu lasisi, yanzu saura sayen bindiga, kuma ƙarfina bai wuce guda ɗaya ba. Niyyata ita ce farautar barewa, ko da yake ina fatan wata rana in kai ga manyan namun daji. Jiya wani da ya daɗe a harkar ya ce mini kada in ɓata kuɗina a kan harsashi irin .243 ko .308 (lambobin nan faɗin harsashi ne a ma'aunin inci), in tafi kai tsaye ga .300 Winchester Magnum, domin a cewarsa babban harsashi yana rufe kuskuren maharbi: ko da saiti ya ɗan kauce, dabba za ta faɗi. Maganar ta zauna mini, amma ban so in yanke hukunci ba sai na ji ta bakinku.

Mai Magnum:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar nan bai cuce ka ba, kuma lissafi yana bayansa. Harsashin .243 Winchester mai nauyin giram 6.5 yana fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, ƙarfin bugunsa wajen jul 2,600 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfin motsi). Na .300 Magnum yana fita da irin wannan gudun, amma nauyinsa giram 11.7 ne, don haka ƙarfinsa ya haura jul 4,700. Dabba ba ta tsayawa maka a fili, ta ba ka gefenta kamar hoton da aka manna a allo. Wani lokaci a karkace za ta zo, wani lokaci ƙashin kafaɗa ne ya tare hanyar huhu, kuma a irin wannan hali nauyin harsashi ne zai ratsa. Wanda zai sayi bindiga ɗaya tak gara ya sayi wadda ta fi ƙarfin bukatarsa, a kan wadda za ta gaza masa ranar da ya fi bukatarta.

Tsohon Maharbi:
Ɗana Mai Magnum, alƙalumanka daidai ne, amma ka kawo rabin lissafin ne kawai, wato abin da ke fita ta gaba. Akwai kuma abin da ke dawowa ta baya. In bindigogin biyu nauyinsu ɗaya, shurin da .300 Magnum ke yi wa kafaɗa ya kusa ninka na .243 sau uku, ga ƙara mai toshe kunne. Jikin mutum ba ya manta duka. Bayan harbi goma ko ashirin, sai ya fara shirya wa shurin tun kafin ya zo: ido ya runtse, kafaɗa ta turo gaba, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali, kuma mai bindigar zai iya rantsuwa cewa bai motsa ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Ina matashi na ari Magnum don in burge abokan tafiya, na harbi barewa a tazarar da ba ta kai mita 120 ba, tana tsaye tana kiwo. Na ji ƙarar shigar harsashi, na ga ta ƙanƙame bayanta ta yi doro, sannan ta shige kurmi a hankali. Da muka isa wurin, ba mu ga jini ja mai kumfa irin na huhu ba, sai wani ruwa kore-kore da guntayen ciyawa da ta tauna. A tumbi na same ta. Muka bi sawu har duhu ya hana mu gani, sai washegari da hantsi muka tsince ta a bakin rafi, naman ya lalace, ita kuma ta kwana tana shan azaba. Duk ƙarfin harsashin nan bai rufe mini komai ba.

Likitan Dabbobi:
Baba, labarinka ya dace da yadda jikin dabba yake. Abin da ke kashe barewa da sauri shi ne zubar jini mai yawa daga zuciya, huhu da manyan jijiyoyi, har jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, ko kuma a taɓa ƙwaƙwalwar ko lakar baya kai tsaye. Wurin da huhu da zuciya suke a barewa matsakaiciya bai wuce faɗin santimita 20 zuwa 25 ba, kamar faranti, a bayan kafaɗa. Harsashin da ya buɗe ya ratsa huhu biyu, ko .243 ne ko .300, dabbar ba ta wuce daƙiƙoƙi tana gudu. Wanda ya sauka a hanji kuwa, girmansa yana ƙara faɗin rauni ne kawai, bai mayar da hanji huhu ba. Jul ɗin da ake rubutawa a kwalin harsashi ma'aunin ƙarfin motsi ne, ba ma'aunin saurin mutuwa ba.

Mai Magnum:
Likita, ban musa cewa harbin tumbi kuskure ne da kowace bindiga ba. Amma tsakanin harbi mai kyau da harbin tumbi akwai harbi na tsaka-tsaki, wanda ya ɗan yi gaba ya bugi ƙashi, ko ya shiga ta haƙarƙarin baya yana neman hanyar huhu. A nan nake cewa babba ya fi. Kuma ba ni kaɗai nake ganin ƙarami yana da iyaka ba. A Jamus doka ta hana harbin manyan barewa da aladun daji da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba, kuma dole ƙarfinsa ya kai jul 2,000 a mita 100. Wato .243 ɗin da ake yabo ba ya cikin lissafi a can, domin faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba.

Mai Ɗura Harsashi:
Yaya, dokar da ka kawo gaskiya ce, sai dai ka duba inda ta ja layin. Ta ja shi a milimita 6.5, ba a Magnum ba. A Ingila ma dokar barewa ta 1991 ta sa mafi ƙarancin faɗi .240 ga manyan nau'o'in barewa, abin da ya sa .243 ya zama ruwan dare a can. Masu dokar nan ƙasan gwargwado suka ƙayyade, kuma .308 da .270 da .30-06 duk sun wuce shi nesa.

Abin da nake ganin an tsallake tun farkon zancen shi ne ƙirar harsashin kansa, domin lambar da ke jikin kwanso ba ta gaya maka abin da zai faru in dalma ta haɗu da ƙashi. A 1946 John Nosler ya harbi mus, wato ƙaton dangin barewan nan da ya fi doki tsawo, a yankin British Columbia na Kanada, da .300 H&H Magnum. Jikin dabbar ya sha taɓo ya bushe, sai harsashin ya tarwatse a kafaɗa bai shiga ciki yadda ya kamata ba. Magnum ce fa a hannunsa. Wannan ya sa ya ƙera harsashin Partition, wanda ya fito a 1948, mai katanga a tsakiya: gaba ya buɗe kamar lema, baya ya tsaya da nauyinsa ya ci gaba da ratsawa. Darasin shi ne yawan gudu yana iya zama abokin gaba, domin harsashi mai siririyar riga, wato tagullar da ke lulluɓe dalmar, in ya bugi ƙashi a kusa da gudun mita 900, fashewa yake yi. Daga baya aka samu waɗanda aka manne dalmarsu da rigar tagulla, da kuma na tagulla zalla irin Barnes X na 1989, waɗanda kusan ba sa rasa nauyinsu. Da irin waɗannan, .308 mai giram 10.7 yana yin aikin da kake nema a harbin tsaka-tsakin da ka ambata.

Tsohon Maharbi:
Madalla. Ku ƙara da mutanen Suwidin da Norwe, waɗanda suka shafe fiye da shekara ɗari suna kayar da mus da 6.5x55 (faɗin milimita 6.5, tsawon kwanso milimita 55), harsashin soja na 1894 mai sauƙin shuri. Sirrinsa doguwar dalma ce mai giram 10, siririya, mai tafiya a natse, tana ratsawa kamar tsinke. Mus ɗin kuwa dabba ce da ke iya haura kilo 400. Wannan gardama ma ba yau aka fara ta ba. A Amurka Jack O'Connor ya shafe shekaru yana kare .270 Winchester a mujallar Outdoor Life, Elmer Keith kuma yana cewa sai babba mai nauyi, har suka bar duniya babu wanda ya sallama wa ɗan'uwansa.

Ɗan Koyo:
Baba, in haka ne, ashe har giwa ma ƙaramin harsashi ya isa? Na taɓa karanta cewa wani Bature mai suna Bell ya kashe giwaye masu yawa da 7x57.

Mai Bin Sawu:
Ƙanena, dakata a nan, kada a fitar da kai daga wani rami a jefa ka wani. Gaskiya ne W.D.M. Bell, wanda ake wa laƙabi da Karamojo saboda yankin da ya yi farauta a Yuganda, ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na 20, kusan 800 daga ciki da .275 Rigby, wanda shi ne 7x57. Amma mutum ne da ya riƙa tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto don ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa, yana amfani da harsashi mai cikakkiyar riga wanda ba ya buɗewa, yana kuma harbi a kusa. Sana'arsa ce ta hauren giwa a zamanin da ya wuce, ba abin koyi ba ne ga mai lasisin jiya.

A kan dabba mai haɗari, ina tare da Mai Magnum ɗari bisa ɗari. Ɓauna tana kai kilo 700 ko fiye, fatarta kauri, haƙarƙarinta faɗi, kuma in ta ji rauni ba guduwa kawai take yi ba, tana iya laɓewa cikin dogon ciyawa ta jira mai bin ta. Shi ya sa ƙasashe irin Tanzaniya suka sa .375 a matsayin mafi ƙaranci ga irin waɗannan dabbobi. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 H&H a 1912, dalmarsa giram 19.4, kuma har yau shi ne ma'auni. Akwai 9.3x62 na Otto Bock na 1905, akwai .416 Rigby na 1911 ga mai son ƙari. Sai dai ko a nan, na fi son in tsaya bayan baƙon da ke riƙe da .375 ya iya ta, a kan wanda ya zo da .458 yana tsoronta. Wanda zai shiga ciyawa ya nemo ɓaunar da aka raunata ni ne, ba shi ba.

Mai Magnum:
To, kun ga ke nan girma yana da ranarsa. Na yarda cewa ga barewa a ƙasa da mita 200, bambancin faɗuwar harsashi tsakanin .30-06 da .300 Magnum bai kai faɗin tafin hannu ba. Amma a buɗaɗɗen fili, in tazara ta kai mita 350 ko 400 ga iska tana kaɗawa, Magnum ta fi miƙewa, ta kuma isa da ƙarfinta. Wannan ban janye shi ba.

Likitan Dabbobi:
Ba sai ka janye ba, Malam, domin gaskiya ne. Tambayar ita ce ko wanda ya buɗe zancen nan yana da hurumin harbin dabba mai rai a mita 400 a shekararsa ta farko. A wannan nisa, kafin harsashi ya isa ya ɗauki kusan rabin daƙiƙa, kuma taku ɗaya da barewa za ta yi cikin wannan lokaci ya isa ya mayar da harbin huhu harbin ciki. Maganar da aka gaya masa ita ce babba yana rufe kuskure. Abin da kake karewa yanzu shi ne babba yana ƙara wa gwani nisa, kuma waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne.

Mai Ɗura Harsashi:
Akwai kuma batun atisaye. Mai .308 yana iya harba arba'in a zama ɗaya ya tashi kafaɗarsa lafiya, mai Magnum kuwa sau da yawa goma ta ishe shi, ga bututun bindigar yana saurin zafi da saurin cinyewa saboda yawan albarushi. Bayan shekara guda, ɗaya ya san bindigarsa kamar yunwar cikinsa, ɗayan yana nan yana sallama da ita. Ga mai bindiga ɗaya, ni .308 na 1952 ko .30-06 na 1906 zan nuna masa, domin ana samun su da dalma daga giram 9.7 don barewa har giram 11.7 don mus da manyan gwanki. Ranar da ɓauna ta shigo lissafi, wannan wata bindiga ce daban, kuma .300 Magnum ɗin ma ba ta cika sharaɗin .375 ba.

Tsohon Maharbi:
Ɗan Koyo, kafin ka ba kowa kuɗinka, ga gwajin da zai raba gardamar a kanka kai kaɗai. Ka je filin atisaye da wanda ke da bindigogin biyu, ka sa abin toshe kunne. Ka juya baya, shi ya ɗura maka, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na bogi marar albarushi, ba tare da ka sani ba. Ka yi saiti a faranti na takarda a mita 100, ba a kan teburi ba, a durƙushe ko a jingine da sanda yadda za ka yi a daji. In kunama ta faɗa a kan na bogi, ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, to wannan bindigar ta fi ƙarfinka a yanzu, ko wane ne ya yabe ta.

Mai Magnum:
Wannan gwaji na amince da shi, Baba, kuma ni zan kawo tawa a gwada. Amma ina da sharaɗi: in yaron nan ya zuba biyar a cikin farantin da .300 bai ƙifta ido ba, ku ma ku yarda ya saye ta.

Ɗan Koyo:
Na gode, iyayena. Zan yi gwajin da .308 da .300 ɗin duka, harbi biyar-biyar a durƙushe, kuma zan ɗauko hoton farantan biyu in kawo muku nan kamar yadda suka fito.