Musayar waƙa: van 't Hoff da gishirin da ya ƙi lissafi

Malamin Kimiyya:
Da sunan Allah nake buɗewa,
Van 't Hoff ɗan Holan nake yabawa,
A Rotadam, 1852, aka yi haihuwa.
A 1874 ya zo da abin dubawa:
Hannaye huɗu da ƙwayar sinadarin kabon ke kama wasu da su, ba shimfiɗe suke zama ba,
Kusurwoyi huɗu na dala suke nunawa,
Digiri 109.5 tsakaninsu in ana aunawa.

Malama Mai Ɗakin Gwaji:
Malam, amfanin abin ba ka kai ga faɗa ba.
Abu huɗu mabambanta in sun kama kabon guda,
Siffa biyu ke fita, tafin dama da na hagu,
Ka kifa ɗaya kan ɗaya, ba sa daidaituwa.
Kolbe, masanin Jamus, ya yi wa van 't Hoff ba'a a 1877,
Don a makarantar likitan dabbobi yake koyarwa.
Raini ne kawai, hujja ba ta zo ba.

Ɗalibi:
Malama, ni matsin ruwa nake tambaya.
Fata mai tsaga ƙanana, ruwa ke wucewa,
Sukari ya tsaya, ruwan tsabta na shigowa.
Giram 34.2 na sukari na sa a lita,
Na buga da zafin digiri 25, amsar ba ta fito ba.

Malamin Kimiyya:
Ɗana, a ma'aunin zafi ka yi tuntuɓe.
273 ake ƙarawa, 298 ake bugawa,
Sau 0.1 na adadin sukarin, sau 0.082 na dokar gas,
Matsin iska ninki 2.4 ke fitowa.
Dokar iskar gas ce van 't Hoff ya ga tana maimaituwa
A ruwan da bai yi kauri ba. In ya yi kauri tana karkacewa.

Mai Haɗa Magani:
Yallaɓai, gishiri fa bai bi wannan ba!
Giram 5.85 a lita, adadin ƙwayoyi ɗaya da sukarin,
Amma matsinsa kusan biyu yake ninkawa.
Harafin i van 't Hoff ya sa a lissafi don gyarawa,
Arrhenius, masanin Suwidin, a 1887 ya ba da dalilin:
Ƙwayar gishiri a ruwa gida biyu take rabewa.
Kusan 1.9 ake samu, bai cika 2 ba,
Don rababbun suna jan juna, ba su saki ba.

Malama Mai Ɗakin Gwaji:
Shi ya sa gishirin ruwan ƙari giram 9 ne a lita.
Zallan ruwa a jijiya, ƙwayar jini ta sha ta fashe,
Gishiri ya yi yawa, ta motse tana ƙanƙancewa.
Nobel ta farko a kimiyyar sinadarai, 1901, van 't Hoff ya karɓa,
A Balin, 1911, tarin fuka ya yi ajalinsa.